Lambun cikin kwalba a Legas: ina fesa masa ruwa kullum amma sai funfuna yake yi

"Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Idi-Araba. Wata ɗaya kenan da na haɗa ɗan lambun nan na cikin gilashi da ake cewa terariyam, a babbar kwalba mai murfi. Na sa baƙar ƙasa da na saya wajen masu fulawa, da shuke-shuke uku da gansakuka. Safe da yamma nake fesa masa ruwa yanda na ga ana yi a bidiyo. Yanzu wani farin abu ya fito a kan ƙasar, ganyen yana yin ɗorawa yana zubewa, gilashin kuma kullum a jiƙe ko ciki ba a gani. Wata ƙawata ta ce in sayi na'urar da take feshi da kanta. In saya ne ko yaya zan yi?"

Wa'alaikumus salam 'yar'uwa. Kar ki sayi na'urar nan, ki riƙe kuɗinki, robar feshin ma ki jingine ta gefe tukuna. In na fahimce ki, kwalba ce a rufe, kina zuba mata ruwa sau biyu a rana tsawon wata guda, ga funfuna, ga ganye yana ɗorawa, ga gilashi ba ya bushewa. To duk alamomin nan uku abu ɗaya suke faɗa, ruwa ya yi yawa. Ba ƙishirwa ke damun shukokinki ba, nutsewa suke yi. Na'urar feshi kuwa ƙara musu ruwan za ta yi, kuma a kan lokaci ba fashi.

Yanda abin yake aiki

Kwalbar da aka rufe ba ta zubar da ruwanta. Saiwa ta sha daga ƙasa, ganye ya fitar da shi ya zama tururi, tururin ya taɓa gilashi mai ɗan sanyi ya koma raɓa, raɓar ta gangaro cikin ƙasa, a sake sabon zagaye. Kin san yanda murfin tukunya yake tara gumi ya ɗiga ya koma cikin miya, to haka ne, sai dai wannan a hankali yake yi. Kinga kenan duk feshin da kika yi tun ranar farko yana nan ciki, ba inda ya je.

Asalin abin ma daga nan ya samo. Wani likita a Landan, Nathaniel Ward, a 1829 ya rufe ƙwaron wani irin malam buɗe littafi na dare da ƴar ƙasa a kwalba yana jiran ya ƙyanƙyashe, sai ya ga tsiro ya fito a ciki yana rayuwa ba tare da an ba shi ruwa ba, alhali irin tsiron nan hayaƙin Landan yana kashe masa shi a fili. Daga nan ya ƙera akwatunan gilashi, a 1833 aka ɗora su a jirgin ruwa zuwa Sidni ta Ostireliya, tafiyar watanni, shukokin suka isa da ransu. Da irin akwatunan nan aka riƙa ɗaukar dashen shayi da na roba daga wata nahiya zuwa wata. Abin da zai yi watanni a teku a rufe, ai ba shi ne zai nemi feshi safe da yamma a ɗakinki ba.

Masu bidiyon da kika kalla ba ƙarya suka yi ba, kawai dai ba a Legas suke ba. Mafi yawansu suna Turai ko Amurka, a gidajen da ake kunna na'urar ɗumama ɗaki lokacin sanyi, iskar ɗakin ta bushe ƙarau, kuma da yawa abin da suke fesawa buɗaɗɗen akwati ne mai raga a sama ko wanda ake kiwon kwaɗi a ciki. Mu nan kuwa teku da lagun sun kewaye mu, yawancin shekara laimar iska da safe tana haura kashi 80 cikin ɗari, ke ma kin sani, takalmin da aka bari a lungun ɗaki da damina funfuna yake yi ba wanda ya fesa masa komai. Kowa da kiwon da ya karɓe shi. A garin nan aikinmu rage ruwa ne da kare zafi, ƙara laima sai jefi-jefi.

Abin da za ki yi yau ɗin nan

Ki buɗe murfin gaba ɗaya. Ki ɗaga kwalbar ki leƙa gindinta ta gefe, in kin ga ruwa ya kwanta a ƙasa to sai an fitar da shi. Ni sirinji nake amfani da shi, babba, in sa masa siririn tiyo irin na ƙarin ruwa, in zura ta jikin gilashi har ƙasa in zuƙe. In babu, ki murɗa tishu ya yi tsawo ki cusa ta gefe, ya sha ki canza, ya sha ki canza, yana ɗaukar lokaci amma yana yi. Sannan ki kusantar da hancinki. Ƙamshin ƙasar da aka yi wa ruwan sama lafiya ne. In kuwa warin ruɓaɓɓen ƙwai ya bugo ki, iska ta ƙare a cikin ƙasar, saiwoyi sun fara ruɓewa, wannan kam ba gyara, sai an juye komai an sake haɗawa.

Farin abin nan funfuna ce, tana cin abin da ya mutu, ganyen da ya faɗi, guntun icce, taki. Ki kwashe ta da ƙaramin cokali haɗe da ƴar ƙasar da ke ƙarƙashinta, ki tsince duk ganyen da ya yi ɗorawa ko ya yi laushi, kar ki ce bari ki bar shi ya zama taki, a cikin kwalba ba haka abin yake ba. Inda ta kama jikin dutse ko icce ki goge da auduga da kika tsoma a haidurojin ɗin nan na wanke ciwo mai kashi 3 cikin ɗari da ake samu a kemis, kaɗan dai, ban da kan gansakuka don yana ƙona ta. Ki goge gilashin daga ciki, ki bar kwalbar a buɗe kwana biyu zuwa uku a inda iska ke ɗan kaɗawa.

Akwai wani abu da yake ruɗar mutane sosai, kuma ina zargin shi ya sa kika ci gaba da feshin. Shukar da ruwa ya yi wa yawa tana yin yaushi daidai da wadda take jin ƙishi. Dalili kuwa saiwa ma numfashi take yi, in ƙasa ta cika da ruwa ba iska sai ta mutu, matacciyar saiwa kuma ba ta iya jan ruwa zuwa ganye, sai ganyen ya langaɓe a tsakiyar ruwa. Mutum ya gani ya ce wayyo ƙishi take ji, ya ƙara. Don haka in kin ga yaushi, yatsa za ki sa a ƙasar kafin ki taɓa robar feshi. Ki ja shukar a hankali ki duba, lafiyayyar saiwa fara ce mai ƙwari, ruɓaɓɓiya baƙa ce ko ruwan ƙasa, tana sulɓewa a hannu. Wadda saiwarta ta tafi ba za ta dawo ba, amma in kan yana da lafiya ki yanke shi da almakashi mai tsafta, tsawon ɗan yatsa, ki soke a sabuwar ƙasa, mafi yawan shukokin kwalba suna yin sabuwar saiwa cikin sati biyu zuwa uku.

In ta kama sai an sake haɗawa

Baƙar ƙasar nan ta masu fulawa na bakin titi tana da kyau ga tukunyar da ke waje, amma sau da yawa an gauraya ta da kashin kaji, tana da nauyi, tana daskarewa, kuma ga ƙwayayen ƙwari a ciki. A rufaffiyar kwalba mai ɗumi, wannan liyafa ce ga funfuna.

Kwalba ba ta da huda a gindi, shi ya sa ake fara sa tsakuwa wankakkiya, kaurin yatsa biyu, don rarar ruwa ta samu inda za ta kwanta nesa da saiwa. A kai sai a yanka ragar sauro irin ta taga daidai faɗin kwalbar a shimfiɗa, ita ke hana ƙasa gangarawa ta toshe tsakuwar. Sai ɗan gawayi da aka farfasa aka wanke ƙurarsa. Gawayin icce na girki nake nufi, ban da zagayayyen nan na turaren wuta mai kamawa da ashana ɗaya, akwai sinadari a jikinsa. Gawayi yana taimakawa wajen wari kuma yana sa ƙasa ta saki jiki, amma ba ya hana ruɓa in ruwa ya yi yawa, kar ki dogara da shi.

Ƙasar kanta ni haka nake haɗawa, kashi biyu na garin ɓawon kwakwa da ake sayarwa a dunƙule, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa-tsakuwa wankakke, kashi ɗaya ƙasa marar taki da na zuba wa tafasasshen ruwa ta huce. Ɓawon kwakwar ki jiƙa ki tace shi sau biyu ko uku saboda wani yana zuwa da gishiri. Yashin bakin teku kuwa ko kyauta aka ba ki kar ki karɓa. Gwajin da zai raba ki da rabin matsalar shi ne, ki damƙi ƙasar a hannu ki matse, ta dunƙule amma kar ruwa ya ɗiga ta tsakanin yatsunki. In ya ɗiga ta yi ruwa. Da wannan danshin kaɗai za ki dasa, sai ɗan feshi biyu ko uku don wanke gilashi da zaunar da saiwa, shikenan.

Ba ki faɗi irin shukokin da kika sa ba, kuma wannan yana da muhimmanci. In akwai kaktus ko alobera ko masu kaurin ganyen nan masu ajiye ruwa, fitar da su yanzu ki ba su tukunya a waje, na busasshiyar ƙasa ne, a rufe ruɓewa za su yi ko me kika yi musu. Waɗanda ke jin daɗin kwalba su ne na ƙasan kurmi, masu son inuwa da laima. Fitoniya, mai ƙananan ganye da jijiyoyi farare ko jajaye, asalinta dazukan Kudancin Amurka wajen Peru, ita ce ta fi sauƙi. Sai selajinela, da ƙananan feferomiya, da ɗan ɓaure mai rarrafe da ake kira fikus fumila, shi dai sai kin riƙa yi masa aski don yana mamaye wuri. Akwai kuma ƙananan tsiron nan masu ganye tsaga-tsaga da ke fitowa a jikin bishiyar kwakwar manja da tsofaffin katangu, in kin samu ƙanana suna yi.

Gansakuka kuwa, na ga mutane suna kashe kuɗi a kan wadda aka shigo da ita daga ƙasashen sanyi, mai kumburi kore shar, sati kaɗan ta koma ruwan ƙasa saboda zafinmu ya fi ƙarfinta sai dai a ɗakin da esi, wato na'urar sanyaya ɗaki, ba ya mutuwa. Wadda take fitowa da kanta a gindin katanga mai inuwa da damina ta riga ta saba da garin. Ki ɗebo kaɗan da wuƙa daga wuri mai tsafta, ba bakin kwata ba, ki ɗauraye, ki sa ta a wata roba mai murfi na sati guda ki ga ko akwai ƙwaro, sannan ki danna ta a kan ƙasa, ba a binne ta.

Gilashin ne zai gaya miki

Ba na ba kowa jadawalin feshi, wai duk kwana kaza. Girman kwalba daban, ɗaki daban, wata daban. Abin da nake koya wa masu sayen lambun kwalba a wurina shi ne su riƙa duban gilashin da safe da kuma azahar. In da sassafe akwai ɗan hazo a gefe ɗaya, yawanci gefen da ya fi sanyi, kafin azahar ya washe kina ganin ciki tas, to ya daidaita, ki bar shi. In manyan ɗigo ne suke gangarowa ko'ina har yamma, ki goge ki buɗe murfi na wasu awanni, ki maimaita gobe har ya sauka. In kuwa an yi kwanaki ba hazo ko kaɗan, gansakuka ta yi haske ta ƙanƙance, ƙasa ta canza kala ta jikin gilashi, sai ki ƙara cokali ɗaya ko biyu ta gefe, ki jira kwana biyu kafin ki sake. Kwalba mai murfi da ta zauna daidai takan yi wata biyu, uku, wani lokaci fiye, ba ta nemi ruwa ba.

Esi yana iya ruɗa wannan lissafin. Iska mai zafin digiri 30 tana ɗaukar kusan giram 30 na ruwa a kowace mita ɗaya tsawo da faɗi da tsayi, in ta sauko digiri 20 kusan giram 17 kawai take iya riƙewa, ragowar dole ya sauka a wani wuri. Shi ya sa da an kunna esi gilashi ya yi sanyi sai ki ga kwalba ta yi hazo fal ko da ruwanta daidai ne, da an ɗauke wuta ɗaki ya ɗumama ta washe. Ki yi hukunci da lokacin da ɗakin yake a yanayinsa na kullum, kuma kar ki ajiye ta inda iskar esi ke bugunta kai tsaye.

In kina son lamba, akwai ƴar na'urar auna laima mai batir, ba tsada. Tsakanin kashi 70 da 90 cikin ɗari shukokin nan suna lafiya. Masu arhar sukan yi ƙarya, ga yanda ake kama su, ki cika murfin kwalbar lemo da gishiri ki ɗiga ruwa ya jiƙe amma kar ya narke, ki sa shi da na'urar a leda mai zif ki rufe ta kwana. Ya kamata ta nuna 75. In ta nuna 70 kin san kullum za ki ƙara biyar. Kar ki bar ta a cikin kwalbar dindindin, laima tana lalata ta.

Wane ruwa? Ruwan bohol a sassa da yawa na Legas yana da ƙarfe, kin ga yanda yake jan bokiti, wajen Lekki da Ajah kuma wani har gishiri-gishiri yake. A tukunya mai huda wannan yana wankewa ya fita, a kwalba kuwa taruwa yake, ya bar farin tabo a gilashi, ya ƙona gansakuka. Ruwan sama ya fi, ki bari na farko ya wanke rufi sannan ki tara, jarka ɗaya za ta kai ki shekara. Ruwan da ke ɗiga daga esi ma yana yi in tiyon yana da tsafta. Taki kuma ba kya buƙata, ba so muke su yi girma da sauri ba.

Zafi da haske

Bayan ruwa, rana ce ta biyu wajen kashe lambun kwalba a garin nan. Shukokin nan sun fi son digiri 20 zuwa 27, mu kuwa daga Fabrairu zuwa Afrilu da rana muna haura 30 a inuwa. In hasken rana ya faɗa kan rufaffen gilashi, zafi ya shiga ba ya fita, awa ɗaya ta isa ganye ya dahu ya yi baƙi. Ki nemi wuri mai haske wanda rana ba ta taɓawa, kusa da taga amma a gefe, ko bayan farin labule. Ki lura kuma rana tana sauya hanya cikin shekara, tagar da ba ta shiga a Yuni tana iya shiga a Disamba. Nesa da kicin, nesa da saman firij. In ɗakinki mai duhu ne, irin na gidajen haya da tagar ke kallon katangar maƙwabta, farin ƙwan LED a sama awa 10 zuwa 12 ya wadatar, ba ya zafi, mai caji ma yana yi. Duk sati ki ɗan juya kwalbar kar su karkata gefe guda, ki buɗe murfin minti goma iska ta canza.

Lokacin hunturu, Disamba zuwa Janairu, shi ne kaɗai lokacin da feshi ke da ɗan amfani a nan, musamman ga buɗaɗɗen lambu. Rufaffe kuwa murfinsa ya ishe shi, ƙurar da ke kan gilashi kawai za ki riƙa gogewa don tana tare haske. In kin tafi da shi gida Arewa labari ya canza, a Kano da hunturu laima kan faɗi ƙasa da kashi 20, can kam ba a barin murfi a buɗe.

Ita na'urar feshin, an yi ta ne don manyan akwatuna masu ragar shan iska da hanyar fitar ruwa a ƙasa. Wanda yake da irin wannan, daƙiƙa kaɗan sau ɗaya ko biyu a rana ake saita ta, da ruwa mai tsafta saboda bakin feshin yana toshewa, kuma ya nemi agogon saiti mai batir a ciki don kar ɗaukewar wuta ta rikita masa lokaci. Na'urar da ke fitar da hazo kuma ado ne ya fi yawa, ba ya jiƙa saiwa. In akwai dabba a ciki, kwaɗo ko hawainiya, duk abin da na faɗa a nan bai isa ba, buƙatar dabbar ce gaba, sai a tuntuɓi likitan dabbobi.

Ƙwari biyu za ki iya gani nan gaba. Ƴan mitsi-mitsin farare masu tsalle a kan ƙasa, waɗannan ki bar su, funfuna suke ci, masu wannan sana'a har kiwonsu suke yi suna zubawa da gangan, ana samunsu a ƙarƙashin tukwanen fulawa masu danshi. Ƙananan baƙaƙen ƙudaje masu yawo a jikin gilashi kuwa alama ce saman ƙasar ya cika jiƙa, tsutsarsu tana taɓa ƙananan saiwoyi. Ki rage danshi ki sa guntuwar takarda mai gam mai ruwan ɗorawa a ciki na ƴan kwanaki, kar ki fesa maganin sauro a kwalba.

Daga bayaninki kaɗai nake magana, kuma bayan wata guda na feshi sau biyu a rana ba lallai dukkan ukun su tsira ba, ki sa wannan a ranki. Ki fara da buɗe murfi da zuƙe ruwan gindin, ki shinshina ƙasar, ki duba saiwa. Bayan kwana uku ki mayar da murfin ki ga abin da gilashi zai yi da safe da azahar. In funfunar ta dawo da ƙarfi cikin sati ko warin bai tafi ba, ki juye ki sake da sabuwar ƙasa, ki turo sunayen shukokin ko hotonsu kafin ki dasa in gaya miki wanda zai koma ciki da wanda zai tsaya a waje.